Mandub, baje koli ko tallan waya: ina mai ƙaramin kamfanin kayan lafiya zai zuba kuɗinsa a Saudiyya?

Bayan la'asar ta wata Asabar ɗan yayata ya taso daga Makka ya same ni a gida a Jidda, da kwali ɗaya a hammata. Ko shayi bai kurɓa ba ya buɗe shi a kan darduma: na'urar auna sukari guda biyar, kwalaben tsinken gwaji (ɗan fallen da ake ɗiga wa jini a saka a na'urar) masu 50-50, da na'urar auna hawan jini ta dantse guda biyu.

"Kawu, kaya sun iso, sito ya cika, takardu sun kammala," in ji shi. "Riyal 100,000 na ware wa talla a bana. Wani ya ce in ɗauki mandub, wani ya ce in kama rumfa a baje kolin Riyad, ƙanwata kuma ta ce duk wahalar banza ce, in ba wata mai Snapchat ta ɗaga kayan a gaban waya. Ni dai kaina ya kulle."

Na yi shekaru ina aikin mandub, wato wakilin kamfani mai zaga saidaliyya (kantin magani) da asibitocin kuɗi, tsakanin Jidda da Makka da Ɗa'if, kafin gwiwa ta ce ya isa na koma ofis. Amsar da na ba shi ta kai mu har bayan isha'i. Ga ta nan a rubuce, domin na san ba shi kaɗai ba ne a cikin yaranmu da suka shiga harkar safar hannu, sirinji, ruwan gwaje-gwajen ɗakin bincike da ƙananan na'urori, suka iya sayo kaya amma sayarwa ta tsaya musu.

Abin da ke gaban talla

Kayan lafiya ba atamfa ba ne, ba turare ba. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, SFDA, wadda aka kafa a 2003 kuma 'yan kasuwa ke ce mata Hai'a kawai, ita ke riƙe da ƙofa. Ƙarƙashin dokar na'urori da kayan asibiti ta 2021, kamfaninka na buƙatar lasisi, sitonka na buƙatar nasa, kowace na'ura kuma sai ta sami izinin shiga kasuwa, wanda a takardu ake rubutawa MDMA. Masana'antar da ke waje dole ta kasance da wakili mai izini a cikin ƙasa. Tallan da za a nuna wa jama'a shi ma sai Hai'a ta duba ta amince. Maganin da sai da takardar likita ake ba da shi kuwa, ba a tallata shi ga jama'a sam.

Akwai kuma maganar da ba a son yi a majalisa. Ɗan yayata ɗan ƙasa ne, sijil, wato takardar rajistar kasuwanci, da sunansa yake, kuɗin nasa ne. Wanda yake zaune da igama, takardar zaman baƙo, ya saka dukiyarsa a bayan sunan wani, wannan laifi ne da ake kira tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Talla ihu ne na cewa ga ni nan. Wanda takardunsa ba su miƙe ba, kowace hanya daga cikin waɗanda zan lissafa kai kansa take yi.

Ma'aunin da na sa masa

Na ce ya auna kowace hanya da abu biyar. Wa take isa gare shi, kuma shi ne mai sa hannu a kan saye? Nawa take ci, yaushe kuɗin ke dawowa? Ranar da ka daina biya, me ya rage a hannunka? Lokacinka nawa take cinyewa? Sannan in ta ɓaci, asarar kuɗi ce kawai ko har da lasisi?

Na farkon ya fi sauran nauyi, kuma kwalin da ke gabanmu shi ya nuna dalili. Ribar na'urar sukari ba a jikin na'urar take ba. Manyan kamfanoni kan sayar da ita da arha, wani lokaci ma su haɗa ta kyauta, domin sun san tsinken wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Mai ciwon sukarin da ke gwaji sau biyu a rana zai cinye kwalba mai 50 a kwana 25, ya dawo, ya sake dawowa, shekara da shekaru. To amma ranar da ya leƙa saidaliyyar unguwarsu bai sami tsinkenka ba, mai magani zai miƙo masa wata na'urar, taka kuma ta koma aljihun durowa. Ke nan abin da kake nema da kuɗin tallanka shi ne oda ta biyu da ta uku, daga wurin da majinyaci zai iya takawa da silifas.

Mandub

Mu fara da lissafi, don a nan mutane ke ruɗar kansu. Albashin ɗan ƙasa sai ya kai riyal 4,000 kafin a ƙidaya shi cikakken mutum ɗaya a tsarin Niɗaƙat da gwamnati ke auna yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatan kamfani da shi, kuma wanda ya karanta harhaɗa magani ko gwaje-gwaje ba zai saurare ka a wannan kuɗi ba. A ce kun daidaita a 6,000. Shekara ta tashi 72,000. Ɗora kason kamfani na inshorar ma'aikata ta GOSI, kusan kashi 12 cikin 100, ɗora inshorar lafiya, mota, mai, layin waya da kamasho. Riyal 100,000 ɗin nan ta ƙare a kan mutum ɗaya, ba ka buga ko takardar talla ɗaya ba. In ka ce baƙo za ka ɗauka, akwai harajin riyal 700 ko 800 duk wata a kansa, sannan aikin sayarwa da tallata na'urorin asibiti yana cikin ayyukan da gwamnati ta ware kaso mafi tsoka ga 'yan ƙasa. Wannan ɗin ma wata dama ce ga yaranmu Hausawa 'yan ƙasa da suka gama jami'a suna zaune, amma wannan zancen wata rana ne.

Me kake saya da wannan kuɗi? Fuska. A saidaliyya mai zaman kanta, wadda mutum ɗaya ke da rassa biyu ko uku, ana saye ne daga wanda aka sani. Ka shiga wajen ƙarfe goma na safe, lokacin da babu layi, ka gaida Dakta, ka jira ya sallami tsohuwar da ke neman maganin tari, sannan ka ajiye kayanka a kan kanta. Zai juya kwalba ya duba ranar ƙarewa tun kafin ya kalli fuskar na'urar. Tambayoyinsa uku ne, na ji su ya fi a ƙirga: bonas nawa, ajil kwana nawa, in kaya suka kusa ƙarewa za ka karɓa? Bonas shi ne ƙarin da ake ɗora masa, ya sayi 10 a ba shi 1 ko 2. Ajil bashi ne, kuma wata biyu zuwa uku ba baƙon abu ba ne. Wasu ma ba za su karɓa ba sai a kan in an sayar a biya. Babu wani tallan Snapchat da zai amsa waɗannan tambayoyi. Sai mutum a tsaye.

Amma ka san inda mandub ba ya da amfani. Rassan Nahdi, wanda ya fara a Jidda a 1986 kuma yanzu ya haura rassa 1,000, da na Al-Dawaa mai hedikwata a Khobar, ba sa yin oda da kansu. Ofishin saye na tsakiya ne ke yanke abin da zai hau kanta, mai maganin da ke reshe ko ya so ka ba abin da zai iya yi maka. Na ga yaro sabon shiga ya ƙone tankin mai na mako biyu yana zaga irin waɗannan rassa, ana yi masa murmushi ana karɓar katinsa. Asibitocin gwamnati kuma sayensu na bi ta NUPCO, kamfanin saye na bai ɗaya da aka kafa a 2009, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, PIF. Can harkar tanda ce, wato gasar neman kwangila: adadi mai yawa, farashi a matse, garantin banki, da tarar jinkiri. Ba wurin mai shekara ɗaya a kasuwa ba ne.

Ta fuskar ɗorewa, babu hanyar da ta kamo ƙafar mandub, da sharaɗi ɗaya. Wani kamfani da na yi wa aiki yana da mandub guda da ya riƙe kudancin Jidda shekara huɗu. Duk lambobin masu magani suna cikin wayarsa, duk alkawarin bonas a kansa yake, ba a rubuce ba. Da wani kamfanin ya ƙara masa albashi, ya tafi ranar Alhamis, ranar Lahadi yana tsaye a kantunan nan da kayan sabon ubangidansa. Mu kuwa ko sanin wa ke riƙe da bashinmu ba mu yi ba sai da muka bi fatura, wato takardun ciniki, ɗaya bayan ɗaya. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: layin waya na kamfani, WhatsApp Business a kan wannan layin, da jadawali ɗaya a kwamfuta da ake cikawa kullum da yamma. Wace saidaliyya, wa aka gani, me ya ɗauka, yaushe zai biya, yaushe kayansa za su ƙare. Mandub ɗin da ya ce wannan rashin yarda ne, ka ce masa eh.

Haɗari biyu ne suka rage. Ɗaya na hannu: kyautar da ta wuce biro da littafin rubutu ga likita ko jami'in saye sunanta rashawa, kuma dokar rashawa a ƙasar nan ta shafi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Ɗaya kuma na rana. Yawancin tsinken gwaji an rubuta a jikinsa kada ya wuce zafin digiri 30. But ɗin mota a Makka a watan Yuli tanderu ne. Mandub ya ajiye mota ya shiga sallar azahar ya ci abinci, kayan sun dahu, majinyaci ya gwada ya ga lambar da ba ta yi daidai da ta asibiti ba, kuma sunan kamfaninka ne a kwalbar.

Baje koli

Guda biyu ake magana a kai. Global Health Exhibition da ake yi a Malham, arewa da Riyad, wajajen watan Oktoba, da kuma na Dubai da aka sani da Arab Health tun 1975, wanda aka sauya wa suna zuwa WHX, ana kuma yin sa a farkon shekara. Masu kayan ɗakin gwaji sun fi sanin Medlab, wanda aka sauya wa suna zuwa WHX Labs, shi ma a Dubai.

Ana sayar da wuri ne da murabba'in mita, ƙaramar rumfa kuma galibi mita 3 sau 3 ce. Kuɗin filin somin taɓi ne. Akwai ado da fitilu, buga takardu, ɗaukar kaya daga Jidda zuwa Riyad, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000, otal a makon da kowa ke neman ɗaki, da mutum biyu da za su tsaya kwana uku ko huɗu. Rabin abin da ɗan yayata ya ware na iya narkewa a nan cikin mako guda, kuma duk a gaba ake biya.

Waɗanda ke zuwa manya ne: jami'an saye na asibitoci, manyan dillalai, masana'antu daga Sin da Jamus da Turkiyya da Indiya da Koriya. Sai dai ƙaramar rumfa a layin baya, kusa da wurin shan gahawa, tsakanin wasu goma masu irin kayanka, ba ta tsayar da kowa sai masu tara jaka da biro. Za ka dawo da kati ɗari biyu a cikin leda. In ba ka bi su da waya cikin mako ɗaya ba, an manta da kai, kuma bin nasu aikin mandub ne. Ka ga mun dawo inda muka taso.

Ra'ayina a nan ba ya rawa: shekarar farko da ta biyu ka je a matsayin baƙo, kada ka kama rumfa. Tikitin jirgi, kwana biyu, takalmi mai laushi. Za ka ga farashin abokan hamayya, za ka zauna da masana'antar da ke neman wakili a Saudiyya, wataƙila ka dawo da sabon kaya wanda ya fi wanda kake riƙe da shi. Zuwa da kai ya fi aike, amma ba sai ka kafa bukka ba.

Baje koli yana da ƙane wanda ake rainawa: tebur guda a harabar mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko asibitin kuɗi, da izininsu, ranar 14 ga Nuwamba da ake tunawa da ciwon sukari a duniya, ma'aikaciyar jinyarsu na gwada mutane kyauta da na'urarka. Ko ka ɗauki nauyin lacca ga ma'aikatan jinya, irin wadda hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya ke ƙidaya wa sa'o'in ƙarin ilimi da suke buƙata wajen sabunta lasisi. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma mutanen da suka taɓa na'urarka da hannunsu suna zaune ne a unguwar da kayanka suke.

Tallan waya

Ƙanwarsa ba ta yi ƙarya ba, idon mutanen ƙasar nan a kan Snapchat da TikTok yake. Amma abu uku ne aka cusa a buhu ɗaya, kuma ba halinsu ɗaya ba.

Na farko, mashahuran intanet. Tun 2022 duk mai tallata kaya a shafinsa sai ya mallaki lasisin Mawthooq daga hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, riyal 15,000 na shekara uku. Baƙo mai igama ba shi da damar yin talla haka kawai ba tare da izini ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga masu barkwanci da Hausa da mutanenmu ke bi a Makka da Jidda ba su da wannan takarda. Ka nemi ganin lambar lasisin kafin ka tura ko riyal ɗaya. Sannan bakin mai talla ba naka ba ne. Hai'a ta amince da wasu kalmomi, mai tallar kuma tana cikin nishaɗi ta ƙara da cewa wannan na'ura ta raba mamanta da ciwon sukari. Na'urar awo ba ta warkar da komai, kuma jimlar nan guda ta isa ta jawo tara a kanku ku biyu. Ta fuskar ɗorewa kuwa, labarin Snapchat awa 24 yake yi ya ɓace. Za ka ga oda ta yi tsalle kwana biyu, ta koma ta kwanta.

Na biyu, tallan da kake biya wa Google ko Snapchat da kanka. Kyawunsa shi ne kai ke riƙe da famfo: ka sa riyal 50 a rana, ka zaɓi Makka kaɗai, ka kashe duk sa'ar da ka ga dama. Wanda ya rubuta sunan tsinken gwaji a Google yana nema ne ya saya, ba kallo ya zo yi ba, shi ya sa na fi ganin amfanin wannan a kan na masu rawa. Yana buƙatar kanti a intanet, wanda Salla ko Zid ke sauƙaƙa buɗewa, da biya ta katin Mada, da mai kai kaya wanda motarsa ke da sanyi. Matsalar ita ce kana gogayya da manyan saidaliyyu masu manhajarsu da kai kaya cikin sa'o'i, kuma aljihunsu ya fi naka zurfi. Ranar da ka rufe famfo, ruwa ya ɗauke.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma kusan ba ya cin komai: gajeren bidiyo da Hausa. Akwai iyayenmu mata a unguwannin Makka irin su Misfala da Shari' Mansur da suka shekara arba'in a ƙasar nan, suna jin Larabcin kasuwa, amma takardar da ke cikin kwali ba ta yi musu magana. Minti biyu ya isa a nuna musu yadda ake huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, yadda ake rufe kwalba nan take, da dalilin wanke hannu kafin gwaji. Wata gwaggona ta taɓa kirana a firgice bayan buɗa baki, na'ura ta nuna mata lambar da ta kusa sa a kira motar asibiti. Ashe dabino ta ci, danƙonsa na yatsarta. Ta wanke hannu ta sake gwadawa, lamba ta sauko. Babban kamfani ba zai yi wannan bidiyo da Hausa ba, kai kuwa harshen uwarka ne. Irin wannan shi ke yawo daga waya zuwa waya shekara guda bayan an ɗora shi. Tunda sunan kayanka zai fito a ciki, ka ɗauke shi a matsayin talla, ka nema masa amincewar Hai'a kamar sauran.

Hattara da abu guda. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba da shekara ɗaya ta shiri, kuma bayanan lafiya suna cikin masu tsanani. Kada ka tara masu ciwon sukari a zaure ɗaya na WhatsApp inda kowa ke ganin lambar kowa, kada ka tura wa mutum talla bai amince ba.

Bari in ɗan kauce hanya, don na san tunanin da ke zuwa wa kowane Bahaushe mai kaya a Makka: alhazai. Gaskiya ne suna saye, kuma bidiyon Hausa zai kai gare su. Amma alhajin da ya sayi na'urarka ya koma Kano ko Damagaram, bayan wata ɗaya tsinke ya ƙare, a Sabon Gari ba a san shi ba. Ciniki ne na sau ɗaya, kuma ka bar masa abin da ba zai amfane shi ba. Ƙari ga haka, a nan da ma'aunin mg/dL ake karanta sukari, asibitoci da dama a Najeriya kuma da mmol/L, sai an raba lambar da 18 kafin likitansa ya gane. Wanda ke son wannan kasuwa da gaske sai ya yi rajistar NAFDAC ya sami wakili a can. Na'urar hawan jini, wadda ba ta cin komai sai batir, ita ce kayan alhazai.

Kamfanin talla

Ba zan daɗe a nan ba. Kana biyan kuɗin wata, kana biyan kuɗin tallan kansa daban, da harajin kashi 15 a sama. Yana ɗauke maka wahala, kuma in ka dace da wanda ya saba da takardun Hai'a zai tsare ka daga kuskure. Yawancinsu dai da gidajen abinci da shagunan abaya suka saba. Ka tambaye su tallan kayan lafiya nawa suka taɓa fitar wa amincewa. Ka tabbatar shafuka da asusun talla da sunan kamfaninka aka buɗe, kalmar sirri na hannunka. In rahoton wata ya zo cike da adadin waɗanda suka kalla, babu adadin waɗanda suka saya, ka san me kake biya.

| Hanya | Wa take kaiwa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mandub | Mai saidaliyya, mustausaf, ɗakin gwaji | Mai yawa, duk wata | Babba, in ana rubutawa | Sai da sa ido kullum | Tafiya da abokan ciniki, bashi, rashawa |
| Rumfa a baje koli | Jami'an saye, dillalai | Mai yawa, lokaci guda | Kaɗan, sai an bi baya | Wahalar mako biyu | Asarar kuɗi |
| Zuwa baje koli a baƙo | Masana'antu, abokan hamayya | Kaɗan | Matsakaici | Mai sauƙi | Kusan babu |
| Mashahurin intanet | Jama'a | Ya danganta da sunansa | Kwana ɗaya ko biyu | Mai sauƙi | Tara, zubar suna |
| Tallan Google ko Snapchat | Mai nema ya saya | Kai ke ƙayyadewa | Yana tsayawa da biya | Sai an koya | Ƙonewar kuɗi a hankali |
| Bidiyon Hausa da WhatsApp | Majinyaci da iyalinsa | Kaɗan ƙwarai | Babba | Yana cin lokaci | Bayanan mutane, furucin da ba a amince ba |
| Kamfanin talla | Duk inda ka nuna | Kuɗin wata da na talla | Ya danganta da mai riƙe da shafuka | Mafi sauƙi | Biyan aikin da ba ya kawo oda |

Wa ya dace da wanne

In kayanka na ɗakin gwaji ne ko na asibiti, ruwan gwaje-gwaje, bututun jini, safar hannu ta kwali-kwali, jama'a ba su ne masu sayenka ba, don haka ka manta da Snapchat. Mandub wanda ya san aikin ɗakin gwaji kake buƙata, da zuwa Medlab ko Riyad sau ɗaya a shekara.

In kayanka na sau ɗaya ne, kamar na'urar hawan jini, ma'aunin zafi ko keken guragu, babu oda ta biyu da za ka yi gadi. Kanti a intanet da tallan Google sun ishe ka, ka ƙara ƙarfi kafin Ramadan da lokacin aikin hajji.

In ka riga ka shiga saidaliyyu masu yawa, kayanka na kan kanta amma ba sa motsi, a nan ne mashahuri mai lasisi zai iya amfani, da rubutaccen abin da zai faɗa, kalma da kalma. Rumfa kuwa ta wanda ke riƙe da wakilcin masana'anta shi kaɗai ce, yana neman dillalai a Dammam da Abha da Tabuk, ko masana'antar ta yarda ta raba kuɗin da shi. Kamfanin talla na wanda cinikinsa ya fi ƙarfin lokacinsa ne.

Mai irin kayan ɗan yayata, wanda ribarsa ke cikin kwalba ta biyu, na ce masa: "Ɗana, wata shida na farko kai ne mandub. Ka zaɓi saidaliyya 40 masu zaman kansu a Makka da kudancin Jidda, ka zaga su duk mako biyu, ka cika jadawalinka kullum. Ka yi bidiyo uku da Hausa da Larabci, ka ambaci wuraren da ake samun tsinken. Ka je Riyad kwana biyu da ƙafarka. Rabin kuɗin nan kuma kada ka taɓa shi, domin ajil zai riƙe maka kaya wata uku, masana'anta kuwa ba ta san ajil ba. Ranar da ka ƙirga ka ga 25 daga cikin 40 sun sake oda ba ka roƙe su ba, ka ɗauki yaro ka damƙa masa layin kamfani."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kawu, wato da digirina in koma yawon kanti?" Na ce masa ni ma da nawa na yi.

Da zai tafi ya bar mini na'ura ɗaya da kwalba guda, tunda ni ma likita ya sa ni gwaji safe da yamma. Kwalbar ta ƙare ranar Laraba. Na sauka saidaliyyar da ke ƙasan gidanmu, Dakta ya juya kwalbar ya duba, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ya miƙa hannu zai ɗauko mini wata na'urar. Na ce ya dakata, na fito waje na buga wa yaron waya, na ce ya sa wannan saidaliyya ta zama ta 41.